Yadda Ake Kai Kakaki Nesa Lafiya

Duk yaron da ya taɓa zuwa kallon hawan salla a Katsina, ko Zariya, ko Kano, ya ji amon kakaki. Tun kafin a hango lemar sarki ake jin muryarsa ta cika gari, mutane su yi ta cewa ga sarki nan tafe. Mai busa yakan ɗaga shi sama, rana ta haska shi, ya yi ta walƙiya. Amma kaɗan ne daga cikin 'yan kallo suke tunanin yadda wannan dogon abu yake zuwa wani gari mai nisa ba tare da ya lotsa ko ya tanƙware ba. Aiki ne mai bukatar hankali ƙwarai, kuma akwai abin koyo a cikinsa.

Mene ne kakaki?

Kakaki dogon bututu ne na ƙarfe wanda ake busawa. Tsawonsa yakan kama daga mita 2 har zuwa mita 4, watau wani ya ninka tsawon babban mutum. Wajen da ake sa baki siriri ne, sa'an nan ya yi ta faɗi kaɗan kaɗan, har can ƙarshe ya buɗe kamar furen kabewa. Maƙeran fari ne suke ƙera shi. A da da tagulla ko jan ƙarfe ake yinsa. Da kananzir ya yawaita a ƙasar nan, sai maƙera suka riƙa yin wani da kwanon garwa, don ya fi araha, ya kuma fi rashin nauyi.

Tagulla gauraye ce ta ƙarfe biyu, jan ƙarfe da tutiya. Maƙeri yakan buge ta har ta yi fele-fele, ya naɗe ta a jikin sandar ƙarfe, ya liƙe gefe da gefe. Dole ta zama marar kauri, gama in ta yi kauri babu mai iya ɗaga kakakin sama yana busawa, balle yana bisa doki.

Kakaki ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara sa a busa masa shi a Kano. Yana da 'yan'uwa a wasu ƙasashe. A Maroko akwai wani da suke kira nafir, wanda ake busawa da azumi don a tashi mutane sahur. A Uzbekistan kuma akwai wani da ake kira karnai. A ƙasar Hausa kuwa kakaki kayan sarauta ne. Ba a busa wa kowa sai sarki, ko wani babba wanda sarki ya yardar masa. Sau da yawa busar gado ce, ɗa ya koya wurin ubansa, ya kuma gaji kakakin da uban ya bari. Saboda haka in kakaki ya lalace a hanya, hasarar ta wuce ta kuɗi kawai.

Me yake sa kakaki tafiya?

Inda sarki ya nufa, nan kakaki yake nufa. A watan Fabrairu na 1956 aka yi babban hawan daba a Kaduna don Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu. Sarakunan Arewa suka hallara da dawakinsu da makaɗansu da masu busa. Sarkin Katsina a lokacin shi ne Alhaji Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. An sake yin irin wannan hawa a Kaduna a 1959, shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, aka kuma yi wani a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya.

Wanda ya tashi daga Katsina zai tafi Kaduna, hanyarsa takan biyo ta Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ta wuce Bakori, ta faɗo Funtuwa, garin Sarkin Maska. Tsakanin Malumfashi da Funtuwa kimanin kilomita 50 ne. Daga Funtuwa sai Zariya, daga Zariya sai Kaduna. Ban da hawan daba, akwai naɗin sarauta, akwai sabon kakaki da za a kai wa mai shi daga maƙera, akwai tsoho da za a mayar gyara, akwai kuma wanda za a kai gidan tarihi.

A zamanin da, mai busa shi ne yake ɗaukar abinsa, ko ya ba yaronsa ya saɓa a kafaɗa. In tafiyar ta yi nisa a ɗaure shi bisa kayan raƙumi ko na takarkari. Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo. Hanyar jirgi ta isa Kano a 1911. Wadda ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau kuma ta kai Ƙauran Namoda a 1929, aka riƙa ɗibar auduga da gyaɗa a tashar Funtuwa. Yanzu yawancin kaya a mota suke tafiya. Mota ta fi raƙumi sauri nesa ba kusa ba, amma raƙumi bai taɓa faɗawa rami da gudu ba.

Abokan gāban kakaki a hanya

Abokin gāba na fari shi ne duka. Yara da yawa sun san yadda ake yanko hannun gwanda a busa shi. Leɓɓan mai busa ne suke karkarwa, iskar da take cikin bututun ta ɗauki karkarwar, sai amo ya fito. In hannun gwandan ya tsage, ko aka matse shi a tsakiya, sai muryar ta shaƙe. Haka kakaki yake. In ya lotsa sosai, hanyar iska ta ƙuntata. In liƙinsa ya buɗe ko da kamar ƙofar allura ne, iska ta riƙa zurarewa, mai busa ya yi ta wahala amon bai fita sosai ba.

Na biyu shi ne tsawonsa. A ɗauki karan dawa dogo a riƙe shi ta gindi a kaɗa, nan da nan sai ya karye. A yanke shi guntu-guntu, sai ya yi wuyar karyawa. Dogon abu siriri ya fi saurin tanƙwarewa, musamman in an tallafe shi a gefe biyu aka bar tsakiyarsa tana lilo.

Na uku shi ne girgiza. Mota tana tafe tana rawa, in kakaki yana gogar wani abu mai tauri, ko da a hankali ne, kafin a kai Zariya wurin ya goge, ko liƙi ya saki.

Na huɗu shi ne laima. Tagulla ba ta yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma in ta daɗe a jiƙe takan yi wata tsatsa tsanwa. Wanda aka yi da kwanon garwa kuwa, da zarar farin da yake bisansa ya goge, sai ya yi tsatsa har ya huje.

Na biyar ɓoyayye ne, ga kuwa labarinsa. A zamanin da Ingilishi suke mulkin Indiya, sojojinsu sun lura kwanson harsashinsu na tagulla yana tsagewa haka kawai da damina, babu wanda ya taɓa shi. Aka daɗe ba a gane dalili ba. Sai a 1921 masana suka bayyana abin da yake jawo haka. Ashe a bargar dawaki ake ajiye harsasan. Wannan wari mai hawa kai da yake tashi daga fitsarin doki, wanda masana suke kira amoniya, in ya gamu da laima yakan ci tagullar da aka buge, ya tsaga ta. To, kakaki abokin tafiyar dawaki ne, don haka kada a kwantar da shi a barga. Takin zamani ma in ya jiƙe yakan fitar da irin wannan wari. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda motoci suke yawan ɗaukar taki da farkon damina, wajibi ne a duba abin da yake cikin mota kafin a sa kakaki.

Shiri tun daga gida

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Abu na farko shi ne a raba kakakin. Maƙera sun san wahalar dogon abu, shi ya sa suke yinsa kashi biyu, wani ma uku, ana cusa wannan a bakin wancan. In an zare su, kowane guntu ya zama gajere, ya yi sauƙin ɗauka.

Bayan haka sai a tsane shi. Numfashin mutum yana da ruwa a ciki, duk wanda ya hura wa madubi iska ya ga haka. Sai a karkata kowane guntu ruwan ya zube, a ɗaura tsumma a bakin siririyar sanda a goge ciki, a bar shi a inuwa ya sha iska. In ana so ya yi haske, akan goge tagulla da tsamiya ko lemun tsami da toka mai laushi. Amma lalle a ɗauraye da ruwa a shanya sarai, gama tsamin da ya rage yakan ci ƙarfen.

Daga nan sai a kula da wurare uku masu rauni. Na ɗaya, wajen da ake sa baki, a naɗe shi da tsumma mai laushi. Na biyu, mahaɗin guntayen. In bakin mahaɗi ya maƙale ya bar zama da'ira, guntayen ba za su sāke shiga juna ba. Sai a fiƙe ɗan icce daidai ramin, a naɗe shi da ƙyalle, a toshe. Na uku, faffaɗan bakin nan na ƙarshe, wanda ya fi ko'ina rauni. Sai a yi gammo na tsumma a cusa a ciki, ya ɗan turo waje, domin in wani abu ya bugo, gammon ya fara tarewa.

Sa'an nan a naɗe kowane guntu shi kaɗai da farin ƙyalle busasshe. Wasu sukan ba baduku ya ɗinka musu kube na fata, abin kuwa yana da kyau. Sai dai kada fatar ta taɓa tagulla kai tsaye, don jemammiyar fata takan sa ta yi tsanwa in sun daɗe tare. Ƙyalle a ciki, fata a waje.

Akwati

Matar da za ta kai ƙwai kasuwar Funtuwa ta riga ta san asirin wannan aiki. Takan zuba ƙaiƙayi a ƙwarya, ta jera ƙwai, ta ƙara ƙaiƙayi. Ba ta barin ƙwai ya taɓa ɗan'uwansa, ba ta barinsa ya taɓa jikin ƙwarya, ba ta kuma barinsa ya yi motsi. Ƙwarya tana tare duka daga waje, ƙaiƙayi yana shanye girgiza daga ciki. Waɗannan dokoki uku su ne na kakaki.

Sai a kai wa kafinta awon guntu mafi tsawo, da awon faɗin bakin. Ya yi akwatin katako wanda ya fi kakakin da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. A ciki ya gicciya 'yan katakai uku ko huɗu, ya yanke musu gurbi daidai kaurin bututun, ya shimfiɗa musu tsumma. A kan waɗannan guntayen za su kwanta, kamar yadda ake tallafe jariri a wuya da baya da ƙafafu. Kowane guntu a ɗaure shi a gurbinsa da tsumma mai faɗi. Kada a ɗaure da waya ko siririyar igiya, don sukan nutse cikin ƙarfen su bar shaida.

Sauran filin da ya rage sai a cike shi da abu mai laushi. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, tun zamanin Turawa akwai injin gurzar auduga a garuruwan nan biyu, saboda haka abin cikawa ba ya wuya. Amma auduga tana shan ruwa, ta kuma riƙe shi. Da rani babu laifi. Da damina audugar rimi ta fi, don ba ta saurin jiƙewa. Soson katifa ma yana yi. A cika sosai, amma kada a danna har murfi ya matse kakakin.

Kafin a rufe, akwai gwaji. A ɗora murfi, mutum biyu su ɗaga akwatin su jijjiga shi, su kasa kunne. In an ji wani abu yana motsi, aiki bai ƙare ba, a buɗe a ƙara auduga. In shiru, to, madalla. Gara a ɗaure murfin da sukurori maimakon ƙusa, gama bugun guduma yana girgiza abin da yake ciki, ƙusa kuma takan kauce ta huda shi. Bayan haka a rufe akwatin da leda ko tamfol saboda ruwa da ƙurar hunturu.

In babu halin yin akwati, akan jera gwangwala ko gora kewaye da guntayen da aka naɗe, a ɗaure kamar yadda maɗori yake ɗaure karaya, a naɗe da tabarma. Wannan yana hana tanƙwarewa, amma ba ya ɗaukar nauyi. Irin wannan ƙunshi sai dai mai shi ya tafi da shi a hannunsa.

A tashar mota

A rubuta sunan wanda za a kai wa, da garinsu, da lambar wayarsa, da manyan baƙaƙe a jikin akwati. A sa wata takarda mai irin wannan rubutu a ciki, ko ta waje za ta goge. A rubuta A YI HANKALI, a kuma yi alamar inda yake sama. Yana da kyau a ɗauki hoton kakakin kafin a rufe, don ya zama shaidar yadda ya bar gida.

Mai kaya ya tsaya da kansa ya ga inda aka sa shi. Motocin da suke tashi daga Funtuwa da Bakori da Malumfashi sukan cika da masara da dawa da waken suya, buhu guda kuwa yakan kai kilo 100. Akwatin kakaki a bisa kaya yake zama, a kwance, a ɗaure shi tam, kada yaran mota su zauna a kansa. Wuri mafi kyau shi ne kusa da kan mota, don can baya, bayan ƙafafun ƙarshe, ya fi ko'ina tsalle in an faɗa rami.

A gaya wa direba gaskiyar abin da yake ciki. Wanda ya ɓoye don kada a ƙara masa kuɗin mota, ya cuci kansa, gama mutum ba ya lallaɓa abin da bai san darajarsa ba. A karɓi rasit, a rubuta lambar motar, a sanar da mai jiran kaya ranar da za ta iso. In kamfanin aika kaya ne zai ɗauka, ana iya biyan inshora, watau ɗan kuɗin da ake bayarwa don a biya mutum in kayansa sun lalace. Duk da haka, in kakakin na gado ne, babu abin da ya fi a haɗa shi da ɗan rakiya.

In za a ƙetare teku

Wani lokaci akan gayyaci makaɗan sarki wata ƙasa. A jirgin sama ana auna nauyin kaya da tsawonsu, saboda haka sai a tambaya tun da wuri ko za a karɓi akwatin. Akwai kuma doka. A 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta Nijeriya, ba a kuwa fita da kayan tarihi daga ƙasar nan sai da izninta. Wanda zai fita da kakaki, musamman tsoho, sai ya fara zuwa wurinta ya nemi takarda.

Mutanen wasu ƙasashe ma suna fama da irin wannan wahala. A cikin badujalar soja da ta 'yan sanda akwai wani ƙaton abin busa na tagulla wanda ake runguma, sunansa tuba. Sunan bai haɗa kome da tuban mai laifi ba. A Balin ta ƙasar Jamus aka ƙago shi a 1835. Da za a warware bututun babbansa a miƙe, zai wuce mita 5, watau ya fi kakaki tsawo, sai dai an naɗe shi kamar gammo. Ba a raba shi guntu-guntu kamar kakaki, ga shi kuma da nauyi. In akwatinsa ya faɗi ta wajen baki, nauyin jikinsa yakan danne faffaɗan bakin ya yamutsa shi. Don haka masu aika shi sukan cire wajen sa baki su naɗe dabam, su hura ƙwallo su cusa a faffaɗan bakin don kada gefensa ya taɓa akwati. Dabararsu da ta gammon nan duk ɗaya ce.

Isowa

In kaya sun iso, mai karɓa ya duba akwatin tun direba bai tafi ba. In ya ga fashewa ko alamar ruwa, ya nuna masa nan take. Sa'an nan ya buɗe a hankali, ya warware guntayen, ya haɗa su, ya miƙe kakakin ya duba ko ya karkace, kāna ya busa ya ji.

In an sami lotsawa, kada a ɗauki dutse ko muciya a ce za a gyara, kada a yi gyaran gangar Auzinawa. A kai wa maƙerin fari. Shi ne zai zura sandar ƙarfe a ciki, ya riƙa bugawa sannu sannu har wurin ya taso. Ya san tagulla takan ƙara tauri in ana bugunta, har ta kai ga tsagewa, shi ya sa yakan gasa ta a wuta ta yi laushi kafin ya ci gaba.

Ranar hawa, sa'ad da sarki ya fito, mai busa ya ɗaga kakakinsa, amo ya tashi garau, 'yan kallo ba za su tuna da kafinta ba, ko direba, ko yaron da ya cusa auduga. Amma da ɗayansu ya yi sakaci, da mai busa ya ji kunya a gaban sarki da jama'a. Kayan da aka ba mutum ya kai wani wuri amana ce, ko kakaki ne, ko ƙwai, ko wasiƙa. Sauke amana kuwa shi ne a kai abu ga mai shi kamar yadda aka karɓo shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙarafa biyu ake gaurayawa a sami tagulla?
2. Don me maƙera suke yin kakaki kashi biyu ko uku?
3. Me ya sa ba a ajiye kakaki a bargar dawaki?
4. Waɗanne dokoki uku ne mai kai ƙwai kasuwa take bi?
5. A wane wuri a cikin mota ya kamata a sa akwatin kakaki, kuma don me?
6. A zana taswirar hanya daga Katsina zuwa Kaduna, a nuna Malumfashi da Funtuwa da Zariya.